Maraɗi zuwa Madarunfa a ƙasa: abin da ƙafa ke gani



A Maraɗin yau, in aka ga magidanci yana tafiya a ƙasa, abu biyu ake zato: ko babur ɗinsa ya lalace, ko aljihu ya bushe. Ba ka taku ɗari sai ɗan kabu-kabu ya rage gudu kusa da kai. Wani ma don tausayi sai ya ce, "Baba hau in kai ka, ko ba ka da canji." In ka ce masa ai yawo kake, ya dube ka sama da ƙasa, ya ja babur ɗinsa yana girgiza kai. Tafiyar ƙasa ta zama alamar rashi. Saurayi mai jini a jika, a aike shi daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, sai ya tsaya yana jiran kuɗin adaidaita.

Alhali mu jikokin matafiya ne. Garin nan kansa, Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su suka kafa sarautarsu a cikinsa zamanin Ɗan Kasawa, kuma ba mota ta kawo su ba. Fatakenmu da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Alhazan farko ta Cadi da Sudan suka bi, wani sai ya shekara biyu, wani bakwai, wani can ya zauna har yau jikokinsa na jin Hausa. Ko yanzu ma mutanen ƙauye ba su daina tafiya ba. Matar da ke ɗauko itace tun da sassafe, da ƴar Fulanin da ke kawo nono cikin gari da ƙwarya a ka, ba sa buƙatar wani ya yi musu wa'azin amfanin tafiya. Su dole ce ta sa su. Zancena da mu ne mutanen birni, mu da muka samu abin hawa muka manta da hanyoyin da suka kawo iyayenmu.

Shekaru da dama ke nan, ni da abokaina uku, duk lokacin sanyi muna ware rana guda mu taka daga Maraɗi zuwa Madarunfa, muna bin gefen gulbi. Kimanin kilomita 25 ne. Sauran makonni kuwa gajeren yawo muke yi ranar Lahadi, mu sauka fadama mu zaga mu dawo kafin rana ta take. Da farko don lafiyar jiki muka soma, tunda biyu daga cikinmu likita ya ce hawan jini ya fara leƙo su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya wuce maganar jini. Na lura ƙasarmu tana canzawa a gefen gari, wani canjin na alheri, wani na hasara, kuma mai wucewa bisa kwalta da gudu ba ya ganin ko ɗaya. Abin da ba ka gani kuwa, ba ka iya kare shi.

Mukan tashi bayan sallar asuba, da rigar sanyi da rawani, don iskar Disamba a fadama ba wasa. Da ka gangaro daga tudun gari ka fara taka tarihi. Nan ƙasa, cikin kwarin gulbi, tsohon Maraɗi yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau da garin bisa tudu. Unguwannin da muke kira tsofaffi yanzu, irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci, daga can suka hauro da sunayensu. Yara da yawa da aka haifa cikinsu ba su taɓa sauka sun ga inda kakanninsu suka taso ba, ga shi tafiyar ba ta fi ta shan shayi ba.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Lokacin da muke bin sa rairayi ne fari fat, sai ɗan ruwa da ya kwanta nan da can, da masu amalanke suna ɗibar yashi. Tsofaffin da ke noman fadama duk bakinsu ɗaya: tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya ruwan ba ya malala cikin gonaki kamar da. In kana tafe a ƙasa da idonka za ka ga gaskiyar maganarsu. Gaɓar gulbin ta yi zurfi, tana zaizayewa, saiwoyin manyan itatuwa sun fito fili suna lilo. Akwai wani ƙaton ɓaure da muka saba hutawa ƙarƙashinsa ta wajen Sumarana. Shekara uku a jere muna auna tazararsa da bakin gaɓa da taku. Shekarar farko taku goma sha ɗaya, ta biyu bakwai, ta uku huɗu. Da muka koma a ta huɗu, yana kwance cikin rairayi, an fara sarar rassansa.

Kafin hantsi ya yi zafi muna isa Jiratawa. Duk wanda ya ce Nijar hamada ce zalla, a kawo shi nan. Fadamar noman rani ce da aka tsara tun farkon shekarun 1980, ruwa na bin magudanan siminti, zogale layi-layi iya ganinka, ga albasa ga tattasai ga alkama. Zogalen da ake kwaɗawa a gidajen Maraɗi, da wanda ake lodawa buhu-buhu zuwa wasu garuruwa, mai yawa daga nan yake fitowa. Nan muke karyawa. Mata na tsinkar ganye, a yi gaisuwa, a yi barkwanci. Wata dattijuwa ta taɓa tambayarmu, "Ku kuma lahiya? Mi ya hwaru da motarku?" Muka ce Inna ba abin da ya faru, ƙasa muke so mu gani. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "To ku gan ta da kyau, mu kullum cikinta muke ba mu da lokacin kallonta."

Daga Jiratawa in ka hau jigawa, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne gawo. Kowa ya san halinsa: da damina, lokacin da kowane icce ke ganye, shi sai ya kaɗe nasa, hatsi ya samu rana ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su samu inuwa da ƴaƴansa. A Damagaram har ana ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Amma waɗanda suka yi wayo kafin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, sun san akwai lokacin da gonakin nan suka zama fili fetal, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka. Abin da ya dawo da itatuwan shi ne sassaben zamani: maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito daga kututture ya ƙone, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya gyara su ya bar su su girma. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zauna nan Maraɗi a shekarun 1980, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa dabarar, manoma kuma suka karɓe ta suka kai ta gaba da kansu. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina cikin gonarsa. Daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallon wannan aiki. Mu da ke kwana kilomita goma daga wurin, da yawanmu a rediyo muka ji labarinsa.

Wata shekara na tafi da ɗan ƙanena, ɗan lakwal ne mai ƙoƙari, yana aji na ƙarshe kafin jami'a. Ya san sunayen kogunan Turai, ya san babban birnin kowace ƙasa. Na nuna masa icce na ce mene ne wannan? Ya ce bedi. Na nuna wani, ya ce shi ma bedi ne ko? Na farkon aduwa ce, na biyun kanya. Kalgo da sabara, da ya tashi yana ganin an yi wa ƙannensa wankan jego da ganyensu a gida, bai san su a tsaye ba. Magarya kaɗai ya gane, ita ma don ƙayarta ta kama masa wando. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa fita da shi. Kafin mu kai Madarunfa ya riƙe sunan icce goma sha biyu, ya ga sawun bushiya, ya ga damo ya faɗa rami, ya koyi bambanta kukan kurciya da na hazbiya. Da muka zauna hutawa ya ce, "Kawu, ashe daji ma karatu ne." Na ce ai shi ya sa aka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Ku duba abin nan da kyau ƴan uwa. Yaron da bai san kanya ba, ran da aka sare ta ƙarshe a yankinsu ba zai ji komai ba. Gobe shi ne magajin gari, shi ne ma'aikacin gandun daji, shi ne mai sa hannu a takardar raba filaye.

Maganar filaye kuwa ita ce ta fi damuna. Hanyoyin ƙafa da muka saba bi a shekarun farko, da dama sun toshe. Kana tafe kan turbar da mutanen ƙauyuka uku ke bi zuwa kasuwa tun kakanni, sai ka ci karo da waya ko katangar bulo. Ka tambaya, a ce wani mai hali ne daga birni ya saye ya kewaye. Ba wanda ya hana mutum sayen gona da kuɗinsa, amma hanya fa? Yanzu tsohuwa da kaya a ka sai ta yi zagayen da ya fi rabin awa. A gefen gari kuma turakun siminti na masu yanka filaye sun shiga cikin gonaki, kowace shekara suna ƙara gaba.

Burtali ma haka. Akwai inda muka tarar da shi da faɗin da garke zai wuce a sake, bayan ƴan shekaru gonakin hagu da dama sun ci shi har shanu biyu ba sa jerawa. Mun taɓa zama da wani dattijon Bafulatani a bakin rijiya, yana shayar da dabbobinsa. Ya nuna mana da sandarsa ya ce, "Can inda kuka hangi karan dawa, nan ubana ke bi da mu. Yanzu in na bi nan an ce na yi ɓarna, in ban bi ba ina za ni? Shanu ba su tashi sama." A ƙauye na gaba kuma wani manomi ya ce mana gonar da ubansa ya ciyar da mutum takwas da ita, yau su talatin ne a kanta. Kowanensu gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka manyanta ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. Bayan nan ne, a 1993, aka kafa dokar tsarin karkara, aka samar da kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, tun daga matakin ƙauye, aka kuma shata burtula da dama aka kafa musu alamu. Dokar tana nan. Sai dai takarda ba ta tsaron burtali in ba mai zuwa ya duba. Irin wannan fitina ba rana ɗaya take tashi ba, taku-taku take matsowa, kuma mai tafiya a ƙasa shi ke fara ganin ta. Sau biyu muna kai maganar abin da muka gani wurin mai gari. Sau ɗaya an saurare mu, aka tara mutane aka mayar da alamar inda take. Ɗayan kuwa aka ce an ji, shiru kake ji har yau.

Wajen la'asar muke hango ruwan Madarunfa yana walƙiya ta tsakanin itatuwa. Wallahi duk gajiyar da ka kwaso, in ka zauna bakin tafkin nan ka tuɓe takalmi, sai ka ji ta sauka. Masunta na dawowa da kwalekwale, ga tarwaɗa ga karfasa, balbelu sun yi fari a kan rassa, kirinjijiya na tashi garke-garke. Lokacin sanyi har tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai suna sauka nan. Mutanen wurin na cewa kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da tafkin, masu ziyara na zuwa har daga Najeriya. Kowa da fahimtarsa a kan ziyara, ba shi ne zancena ba. Abin da na sani, tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Masuntan kuma suna kukan yashi da laka na cike tafkin, ruwan na ja da baya da wuri. Mutum nawa ne cikin masu karanta wannan rubutu a Maraɗi suka taɓa zama bakinsa?

Na san abin da wasu za su ce: Malam, ana wannan hali na tsaro kana kiran mutane su shiga daji? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye komai ba. Mu ma mun ja wa kanmu iyaka. Da can mukan wuce har wajen Gabi, mu leƙa bakin dajin Babban Rafi, inda manya ke ba da labarin giwaye na shigowa daga Najeriya. Yanzu ba ma zuwa. Ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa sun addabi ƙauyukan bakin iyaka, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo jiharmu. Ba mu manta da Kure ba, wurin raƙuman dawa kusa da Yamai, inda ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Ba wanda zai ce ka kai kanka ga halaka don yawon buɗe ido. Ko tafiyar Madarunfa, sai mun tambayi mutanen hanya tun ana saura kwana biyu, in aka ce a dakata mu dakata, kuma a mota muke komowa kafin magariba.

Amma in mun ce saboda tsoro ko bayan gari ba za mu leƙa ba, to mun bar wa ɓarayi da masu handamar filaye dajin ke nan baki ɗaya. Shekara da shekaru mun ɗauka yawon daji da hawan dutse aikin Nasara ne. Su ke zuwa su hau Bagzan a ƙasar Agadas, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, mu kuwa muna yi musu dariya. Da suka daina zuwa, masu yi musu jagora suka rasa sana'a, wuraren suka koma ba mai labarinsu sai mazauna can. Ƙasar tamu ce, mu ya kamata mu fi kowa sanin ta.

Kuma ba sai an yi nisa ba. Ɗan Damagaram na da duwatsun Birni a tsakiyar gari, ga kukokin Mirriya da lambunanta. Ɗan Dogon Dutsi na kwana yana tashi a gindin dutsen da garinsu ya ci sunansa, ya taɓa hawa ya hango garin daga sama? Mutanen Tawa na da tuddan Adar da kwarin Magiya, inda aka dasa layukan bedi don tare iska tun shekarun 1970, ga aikin farfaɗo da ƙasa na Keita. Na Yamai su ƙetare gada su nufi tuddan nan uku na hayin kogi. Kowane gari akwai inda ƙafa za ta kai ka cikin awa biyu ka dawo.

Ga mai son farawa, ga abin da muka koya. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, ba ka taka shukar kowa, zafi bai sauko ba. Da bazara kada ka gwada doguwar tafiya. Fara da awa ɗaya, a hankali ka ƙara, sannu ba ta hana zuwa. Mutum mai lafiya na cin kilomita 4 zuwa 5 a awa a kan hanya mai ƙarfi, cikin rairayi kuwa ƙasa da haka. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama uku zuwa biyar, kuma a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Tafiyar yini, kowa ya riƙe ruwa kamar lita 3, da dabino da ƙuli-ƙuli ko cuku, fura kuwa za ku samu a hanya. Sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da ƙarangiya, ka riƙe sanda, kada ka tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara, saboda kububuwa. Riƙe katinka na ɗan ƙasa. In kun shiga ƙauye ku fara da gaida mai gari ku faɗi ko ku su wane ne, a wannan zamani baƙuwar fuska na tayar da hankalin mutane, kuma suna da hujja. Kada ka ɗauki hoton kowa, balle matan mutane, sai da izini. Ledar ruwan da ka sha ka mayar da ita jakarka, dabbobi na haɗiye ta su mutu. Mai shan taba ya kashe guntunta da kyau, ciyawar rani ba ta jiran ashana ta biyu.

Sannan ku tafi da yara, maza da mata, ko da gajeren yawo ne. In akwai tsoho a gida da ƙafarsa ke iya ɗaukarsa, ku roƙe shi ya raka ku, shi ne zai ce muku nan rijiya take da, nan kasuwa ta ci, wannan iccen maganin kaza ne. Malaman lakwal da na islamiyya su ma za su iya fitar da ɗalibai sau ɗaya a shekara. Ranar 3 ga Agusta muna dashen itatuwa ana ɗaukar hoto, yana da kyau, amma a riƙa komawa cikin Janairu a ga nawa suka rayu.

Wanda ya fita ya ga an toshe hanya, ko an ci burtali, ko ana sarar gawo ɗanye, ya sanar da mai gari ko Kofo ko ma'aikatan gandun daji, cikin ladabi, ba da faɗa ba. Wanda kuma ya ga abin kirki, gonar da aka raina itatuwa ko tafkin da matasa suka yashe, ya faɗa mana mu ma mu je mu gani. Ku mutanen Tasawa da Magarya da Konni da Madawa, wace hanya ce a wajenku ta cancanci a taka?

Allah shi ba mu lafiya da zaman lafiya, shi tsare mana ƙauyukanmu na bakin iyaka, shi mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya. Amin.